Tarihin koci Stephen Keshi da ake ta turawa: wanne ne gaskiya, wanne ne ƙari?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Wani rubutu kan marigayi Stephen Keshi yana ta yawo a Facebook da WhatsApp, har na ji mai shirin wasanni a wani gidan rediyo ya karanta shi yadda yake, bai rage komai ba. A ciki an ce Keshi ne kaɗai ya taɓa cin kofin Afirka yana ɗan wasa ya kuma dawo ya ci yana koci. An ce shi ne baƙar fata na farko da ya ci kofin yana mai horarwa, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai Super Eagles Kofin Duniya, ya je gasar da ƙasashe biyu, da 'yan wasan gida ya ci kofin 2013, kuma babu ƙasar Afirka da ta taɓa doke Najeriya a hannunsa. Ni masoyin Keshi ne na haƙiƙa, amma wasu maganganun sun tsaya mini a rai. Don Allah masu sani ku taimaka a tankaɗe a rairaye kafin yaranmu su haddace shi.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya Abba, mutumin nan ya rasu tun 7 ga Yunin 2016. Ya yi wa ƙasar nan abin da ba kowa ya yi ba. Idan an ɗan ƙara masa a yabo, wa aka cutar? Ni ban ga abin bincike a nan ba.

Malam Lawal Tudun Wada:
Akwai wanda aka cutar, ƙanena, kuma zan gaya maka sunayensu. Bari in fara da maganar farko. Keshi yana cikin tawagar Najeriya da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya kuma ci yana koci a Afirka ta Kudu a 2013. Wannan babu ja. Amma ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ne na farko ba. Mahmoud El-Gohary na Masar ya ci kofin yana ɗan wasa a 1959, sannan ya ci yana koci a 1998 a Burkina Faso, inda Masar ta doke Afirka ta Kudu da ci 2-0 a wasan ƙarshe. Shekara 15 ke nan kafin Keshi. Maganar da ta dace ita ce Keshi ne mutum na biyu, kuma shi kaɗai ne ɗan Najeriya da ya yi hakan. Duk wanda ya rubuta "shi kaɗai" ya goge El-Gohary daga tarihi da kalma biyu.

Ɗan Fagge:
To Malam, ai gasar 1959 ƙasashe uku ne kacal suka buga ta. Masar da Sudan da Habasha. Ka haɗa wannan da gasar 2013 da aka buga da ƙasashe 16?

Malam Lawal Tudun Wada:
Madalla, ashe kana da labarin. Gaskiya ne ƙasashe uku ne, kuma idan kana so ka ce ta Keshi ta fi wahala, hujjarka tana da ƙarfi, zan ma iya goya maka baya. Amma wannan ra'ayi ne da ake kafawa bayan an faɗi abin da ya faru. Rubutun bai ce ta Keshi ta fi wahala ba, cewa ya yi babu wani. Kofin 1959 yana cikin lissafin kofunan Masar har gobe, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ba ta cire shi ba.

Alhaji Baba Zango (Kumasi):
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni maganar baƙar fata na farko ce ta sa na shigo, domin mu nan Ghana ta taɓa mu. Charles Gyamfi, wanda muke ce wa C.K., ya ci kofin Afirka da Black Stars sau uku: 1963 a gida, 1965 a Tunisiya, da 1982 a Libiya. Lokacin da ya ci na farko Keshi yana goye. Fred Osam-Duodu ya ci a 1978. Duk kofuna huɗun da Ghana take da su, 'yan ƙasa ne suka ciyo mata su, babu Bature ko ɗaya. Sannan Yeo Martial ya ci wa Kwaddibuwa a 1992, mu ya doke a bugun fenareti a wasan ƙarshe, ba za mu manta ba. Ina ƙaunar Keshi, amma a bar wa Gyamfi haƙƙinsa.

Abban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Ka ga irin abin da nake tsoro ke nan. Yaro ɗan shekara 18 zai karanta rubutun ya tafi da shi, bai taɓa jin sunan Gyamfi ba.

Maman Hanif:
Ina jin inda kuskuren ya samo asali. Akwai magana ta gaskiya mai kama da ita: Keshi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci kofin Afirka yana koci. Na 1980 a Legas Otto Gloria ɗan Brazil ne ya ci, na 1994 kuma Clemens Westerhof ɗan Holan. Wani ya ɗauki "ɗan Najeriya na farko" ya ga bai yi masa girma ba, sai ya mayar da shi "baƙar fata na farko". Haka labaran nan suke kumbura daga hannu zuwa hannu, kowane shafi yana so nasa ya fi na baya ɗaukar hankali.

Sadiq Gunners:
Anti Maman Hanif, na yarda da wannan. Amma batun kai Najeriya Kofin Duniya fa? Ni dai tun da na yi wayo Turawa nake gani a benci. Westerhof a 1994, Bora Milutinovic a 1998, Lars Lagerback a 2010, Gernot Rohr a 2018. Ina ga a nan rubutun bai yi ƙarya ba.

Malam Lawal Tudun Wada:
Ka tsallake 2002, Sadiq, kuma nan ne maganar take. Festus Onigbinde ne ya jagoranci Najeriya a Koriya da Japan, ɗan ƙasa ne. Ajantina ta ci mu 1-0, Sweden ta ci mu 2-1, muka yi canjaras babu ci da Ingila. To ko a zaman benci a gasar ma an riga Keshi da shekara 12.

Amma wanda wannan magana ta fi zalunta shi ne Shuaibu Amodu, Allah ya jiƙansa. Shi ya samo wa Najeriya gurbin 2002 a lokacin da kowa ya fitar da rai, ana ganin Laberiya ta George Weah ta riga ta tafi. Ya je gasar Afirka a Mali ya zo na uku, aka sallame shi, aka ba Onigbinde tawagar. Ya dawo ya sake samo gurbin 2010, ya je Angola ya sake zuwa na uku, aka sake sallamarsa, aka ɗauko Lagerback. Sau biyu yana noma gona wani yana girbewa. Kuma Keshi kansa yana cikin mataimakan Amodu a tafiyar 2002, tare aka kore su. Yanzu a zo a rubuta cewa Keshi ne ya fara kai mu, an sake yi wa Amodu abin da aka yi masa yana raye. Kwana uku ne tsakanin rasuwarsu, Keshi ran 7 ga Yuni, Amodu ran 10.

Sadiq Gunners:
Wallahi ban san Keshi ya yi aiki a ƙarƙashin Amodu ba. Allah ya saka da alheri Malam.

Ɗan Fagge:
To ku gaya mini abin da ya rage masa mana. Kun cire wannan, kun cire wancan.

Maman Hanif:
Abin da ya rage yana da yawa, ƙanena, har ma akwai babban abu da rubutun bai ambata ba sam. Keshi ne koci ɗan Afirka na farko da ya tsallake da tawaga daga rukuni zuwa zagayen 'yan 16 a Kofin Duniya. Duba duk waɗanda suka riga shi. Maroko a 1986 José Faria ɗan Brazil ne. Kamaru a 1990 Valeri Nepomniachi ne daga Tarayyar Sobiyet. Najeriya a 1994 da 1998 Westerhof da Bora. Senegal a 2002 Bruno Metsu Bafaranshe. Ghana a 2006 da 2010 'yan Sabiya ne, Dujkovic da Rajevac. Ko Aljeriya da ta tsallake tare da mu a 2014, Vahid Halilhodzic ne ɗan Bosniya. Sai a 2022 Aliou Cissé da Walid Regragui suka bi sahun Keshi, Regragui ma ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe. Wannan shi ne abin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe, sai aka bar shi aka kama abin da ba nasa ba.

Isuhu Mai Atamfa (Lome):
Barkanku da hira. Ni a Lome nake kasuwanci, kuma zancen ƙasashe biyun nan na san shi da kyau. Keshi ya samo wa Togo gurbin Kofin Duniya na 2006, karo na farko a tarihinta, kuma har yau ba ta sake zuwa ba. Rukunin ba na wasa ba ne: akwai Senegal da ta kai zagayen 'yan takwas a 2002, akwai Zambiya, Mali, Kwango da Laberiya. A watan Oktoban 2005 Togo ta ci Kwango 3-2 a Brazzaville ta tabbatar da gurbin. Har yanzu idan ka ambaci Keshi a garin nan dattawa suna yi masa kyakkyawar shaida.

Sai dai bai je Jamus da su ba. A farkon 2006 aka je gasar Afirka a Masar, Togo ta sha kashi a duk wasanninta uku, ga saɓani ya shiga tsakaninsa da Emmanuel Adebayor. Aka sallame shi aka kawo Otto Pfister Bajamushe, shi ya zauna a benci a Kofin Duniya. Don haka a ce ya samo wa ƙasashe biyu gurbi, Togo da Najeriya, wannan daidai ne. A ce ya je gasar da ƙasashe biyu, ba haka aka yi ba. Sau ɗaya ya je yana koci, da Najeriya a Brazil a 2014.

Abban Khalifa:
Ka ga ikon Allah, abin da aka yi wa Amodu shi aka yi wa Keshi a Togo. Wannan ya fi duk abin da ke cikin rubutun taɓa zuciya, amma ƙarin da aka yi ya binne shi. Wanda ya yarda Keshi ya je Jamus ba zai taɓa sanin an raba shi da tawagar da ya gina wata huɗu kafin gasa ba.

Bala Sai Masu Gida:
Ni ku bar ni da maganar 'yan wasan gida, don nan ne nake da abin faɗa. Kada wanda ya rage wa Keshi ko ƙwayar zarra a nan. Kafin shi, wane koci ne yake kallon gasar cikin gida da idon rahama? Ya ajiye Odemwingie da Obafemi Martins a gida, aka yi ta zaginsa, ya ɗauki yara daga kulob-kulob na Najeriya, har da Reuben Gabriel namu na Kano Pillars. Sunday Mba ne ya ci Kwaddibuwa ta su Drogba da Yaya Touré ƙwallo ta biyu, shi ne kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Ɗan wasan gida ne. Me kuma ake nema?

Malam Lawal Tudun Wada:
Babu mai rage masa, Bala. Amma mu ƙirga. 'Yan wasa 23 aka tafi da su, shida ne daga gasar cikin gida. A cikin shidan, biyu ne suka zama ginshiƙai a fili: Godfrey Oboabona a baya da Sunday Mba a tsakiya. Sauran 'yan sha ɗayan fa? Enyeama daga Isra'ila ya zo, Mikel da Victor Moses daga Chelsea, Emenike daga Spartak Moscow, Ideye daga Dynamo Kiev, Onazi daga Lazio, Efe Ambrose daga Celtic, Echiejile daga Braga, Ahmed Musa daga CSKA Moscow. Ka tuna yadda aka fita daga rukuni: kunnen doki 1-1 da Burkina Faso, 1-1 da Zambiya, sai fenareti biyu na Moses a kan Habasha suka cece mu. Emenike ya ci huɗu a gasar. To idan aka ce da 'yan wasan gida ya ci kofi, mai karatu zai zaci tawagar gasar Najeriya ce zalla ta je ta doke Afirka.

Bala Sai Masu Gida:
Malam, ni a nan ban sauka ba. Shida cikin 23 a wancan lokacin abu ne da ba a saba gani ba. Kuma ba suna kawai ya cika da su ba, ya riƙa tara su a sansani a Abuja yana horar da su makonni kafin 'yan Turai su iso. Amfanin hakan ya fito a gasar CHAN ta 2014, wadda 'yan wasan gida kaɗai ke bugawa. Karon farko ke nan da Najeriya ta je, ta zo ta uku. Rabiu Ali da Shehu Abdullahi na Pillars suna ciki. Maroko ta ci mu uku kafin hutun rabin lokaci, muka farke duka muka ci 4-3 a ƙarin lokaci. Wanda ya ce Keshi ya ɗaga darajar ɗan wasan gida bai yi ƙarya ba.

Maman Hanif:
Ai kai ma yanzu ka gyara maganar da bakinka, Bala. "Ya ɗaga darajar ɗan wasan gida" gaskiya ce da kowa zai sa hannu. Ba ita aka rubuta ba.

Bala Sai Masu Gida:
Duk da haka ni ba zan sa ta a layin ƙarya ɗaya da ta baƙar fata na farko ba. Waccan babu tushe, wannan tana da tushe, gishiri ne ya yi yawa.

Malam Lawal Tudun Wada:
Wannan na karɓa.

Sadiq Gunners:
Saura ta ƙarshe, cewa babu ƙasar Afirka da ta doke shi. Ni na san Sifaniya da Urugwai sun ci mu a gasar zakarun nahiyoyi ta 2013, Ajantina da Faransa a 2014, amma duk ba 'yan Afirka ba ne.

Usman Kassala:
Gaisuwa daga Sudan. Wannan kam mu shaida ne. A watan Oktoban 2014 Sudan ta ci Najeriya 1-0 a Khartoum a wasan neman gurbin gasar Afirka ta 2015, kuma Keshi ne koci. Mu Hausawan nan ranar zuciyarmu ta rabu biyu. Kafin nan, a watan Satumba, Kwango ta je har Kalaba ta ci Najeriya 3-2. Daga baya Najeriya ta rama a kan Sudan 3-1 a Abuja, ta bi Kwango har gida ta ci ta 2-0, amma a wasan ƙarshe a Uyo aka tashi 2-2 da Afirka ta Kudu. Haka mai riƙe da kofi ta kasa zuwa kare kofinta.

Ɗan Fagge:
Wannan lokacin ai ba za a ɗora wa Keshi laifi ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, tana cikin rikicin shugabanci, mutumin yana aiki ba kwantiragi, an cire shi a watan Oktoba an naɗa Amodu, bayan mako biyu an dawo da shi. Wane koci ne zai yi abin kirki a haka?

Abban Khalifa:
Duk abin da ka faɗa ya faru, kuma ni ma ina ganin an yi masa rashin adalci a wannan shekarar. Amma ka lura, kafin ka kare shi sai da ka amince an ci shi. Wanda ya ce ba a taɓa cin sa ba ya rufe ƙofar wannan bayanin naka gaba ɗaya, har da laifin hukumar.

Malam Lawal Tudun Wada:
Bari in ƙara abu ɗaya kan yadda ake duba irin waɗannan alƙaluma, don zai yi amfani ko a kan wani koci. Idan ka ga an ce koci ya ci kashi kaza cikin ɗari na wasanninsa, ko ya yi wasa kaza ba a doke shi ba, tambaya ta farko ita ce waɗanne wasanni aka ƙirga. An sa wasannin sada zumunta ko an cire? An sa na CHAN? A CHAN ɗin da Bala ya ambata, Mali ta ci mu 2-1 a wasan farko, Ghana kuma ta fitar da mu a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe. A ƙa'idar lissafi, wasan da aka tashi canjaras aka je fenareti, canjaras ake rubuta shi, ko da an fitar da kai. To mai son ya ƙawata koci zai cire CHAN, ya tsayar da ƙirgarsa a watan Yunin 2014, sai ya samu dogon layi mai kyau. Mai son ya ɓata shi zai fara ƙirga daga Satumban 2014. Dukansu ba su ƙirƙiri wasa ko ɗaya ba, wurin farawa da tsayawa kawai suka zaɓa. Shi ya sa duk alƙalamin da bai zo da "daga yaushe zuwa yaushe, a wace gasa" ba, ni ba na tura shi gaba.

Maman Hanif:
Haka ma nasarar da muka samu a kan Bosniya a Kofin Duniya na 2014. Gaskiya ne ita ce nasararmu ta farko a Kofin Duniya tun 1998, Odemwingie ya ci, wanda aka bari a gida a 2013 aka kuma dawo da shi. Amma mai ba da labari da amana zai faɗi cewa an soke wa Edin Dzeko ƙwallo da sunan satar gida alhali bai yi ba. Faɗin hakan bai ƙwace mana maki ukun ba. Da Iran babu ci, Ajantina ta ci mu 3-2 inda Ahmed Musa ya zura biyu, maki huɗu muka fita da su daga rukuni.

Isuhu Mai Atamfa (Lome):
Kuma rubutun ya yi shiru kan Mali baki ɗaya, kamar bai taɓa zuwa can ba. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa farkon 2010. A gasar Afirka ta 2010 a Angola, wasan buɗe gasa, masu masaukin baƙi suna cin 4-0 saura kusan minti goma sha ɗaya, Mali ta farke duka huɗun aka tashi 4-4. Amma Aljeriya ta ci su 1-0, suka ci Malawi 3-1, ba su fita daga rukuni ba, aka sallame shi. Da Kanouté da Seydou Keita da Mahamadou Diarra a tawagar. Wannan ma tarihinsa ne.

Ɗan Fagge:
Har yanzu ina ganin kun fi ƙarfi a kan mamaci. Amma maganar Amodu ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na tura rubutun a zauren unguwarmu jiya, zan bi shi da bayanin Malam Lawal da na Alhaji na Kumasi.

Alhaji Baba Zango (Kumasi):
Allah ya yi maka albarka yarona. Idan za ka tura, ka haɗa da Hassan Shehata na Masar, shi ma sau uku ya ci, 2006 da 2008 da 2010, a jere. Shi da Gyamfi ne kaɗai suka ci sau uku.

Sadiq Gunners:
Malam Lawal, tambaya ɗaya kafin a watse. Wani shafin ya ce Keshi da kansa ya ajiye aikin Najeriya a 2015. Haka ne?

Malam Lawal Tudun Wada:
A'a, an haɗa abubuwa biyu ne. Ya taɓa bayyana murabus a watan Fabrairun 2013, washegarin cin kofi, sannan ya janye. A 2015 kuwa hukumar NFF ce ta sallame shi a farkon watan Yuli, watanni kaɗan bayan ta ba shi sabon kwantiragi, sai ta naɗa Sunday Oliseh a gurbinsa.